Rasuwar Kebul Mai Faffaɗan Kai

Da zuciya cike da baƙin ciki, da jikin da ya gaji tiɓis, ni mai ɗaukar hoto na shagon ƙarƙashin bene nake sanar da rasuwar kebul ɗina mai faffaɗan kai. Rai ya yi halinsa jiya da hantsi, bayan shekara takwas yana aiki.

Marigayin shi ke haɗa kwamfutata da ma'ajiya, wato ɗan baƙin akwatin da nake tara bidiyon jama'a a ciki. Ba shi da surutu. Kana soka shi kwamfuta za ta ce "tilin", cikin minti goma ya kwaso maka bikin yini guda.

Ciwon ya faro daga wuya. Na naɗa masa salatif, daga baya sai na tokare shi da kofi yake aiki. Jiya ya ce "tilin, tulun" sau uku, ya yi shiru.

Ya cika yana tsakiyar ɗauko bidiyon bikin ritayar wani malamin makaranta da ya rasu watan jiya. Matar malamin, dattijuwa mai haƙuri, kwana shida ke nan tana zuwa ta zauna a bencina, kebul ɗin kuwa kullum ya fara ɗaukowa sai ya yanke. Ta ce muryarsa take so jikoki su ji. Ita kuma ma'ajiyar tsufa ya kama ta, da ta yi minti arba'in sai ta yi zafi ta ɗauke, kullum ƙarar ƙas-ƙas ɗinta ƙaruwa take.

Marigayi kebul ya bar 'yan'uwa a aljihun tebur, ba wanda ya gaje shi. Ɗan zamani mai zagayayyen kai an ce ya fi kowa gudu, amma bakinsa ba ya shiga ramin ma'ajiyar. Biyu caji kaɗai suka iya, ko hoto ɗaya ba su taɓa ɗauka ba. Ƙaninsa mai siririn kai yana shiga rabin ramin, ya ce a ba shi awa biyu. Sau tara na gwada shi, bai taɓa kai rabi ba ma'ajiya ke ɗaukewa. Masu shaguna sun ce ba su da irin marigayin, in jira mako biyu su kawo. Ma'ajiyar nan ba ta da mako biyu, ni kuwa na gaji.

Za a yi jana'iza gobe ƙarfe tara, a kwandon sharar da ke bayan firinta. Ana roƙon masu ta'aziyya su binciki aljihunan teburansu ko za a dace da irinsa kafin su taho, kuma su zo da wuri. Ƙarfe goma dattijuwar ke zuwa. Sau shida na ce mata gobe, ba ni da fuskar faɗin na bakwai.