Famfon da Marigayiya Ta Bari a Buɗe

Ranar Laraba ruwa ya zo famfon gidana. Ba na gida.

Mai karatu zai ce wannan ai ba labari ba ne. A garinmu, nan kan hanyar Dayi, labari ne. Muna da yaran da aka haifa, aka yaye, aka sa makaranta, ba su taɓa ganin famfo ya yi aikin da aka ƙera shi dominsa ba.

Kafin Larabar, mota mai lasifika ta zagaya unguwa da saƙon Mai Girma Uban Bututu, Garkuwan Ɗigon Ruwa, Allah ya ƙara wa ofishinsa sanyi. Ya ce bazara ta shigo, kowane magidanci ya duba bututun gidansa. A binne na roba kada rana ta busar da shi ya tsage. A canza robar bakin famfo idan tana yoyo. A wanke tanki, a yashe kwata kafin ruwan farko. Sama da komai, a riƙa rufe famfo domin kauce wa asarar ruwa.

Ni mutum ne mai biyayya, na ƙare ƙuruciyata ina koyar da ita a aji. Na sa tabarau na fita tsakar gida. Zanzaro ya gina gida a bakin famfon, har da bene, kuma ya gama aikinsa ba tare da an yanka ƙyalle ba. Yoyo kuwa babu. Ina taya Mai Girma murna: a duk unguwarmu babu famfo ɗaya mai yoyo. Na karanta tarihin mutanen da suka jawo ruwa daga bayan duwatsu da hannu da dutse, amma ko su ba su kai ga wannan nasara ba.

Kwata ma na yashe. Na ciro leda, totuwar masara, takalmi wari guda, da fostar wani da ya yi mana alkawarin ruwa, yana ta murmushi cikin laka.

Maƙwabcina Mudi ya leƙo ta katanga.

"Malam Awaisu, ka ji an ce a rufe famfo."

"Na ji. Kai ka rufe naka?"

"Nawa ai akuya nake ɗaurewa a jiki. Wallahi turke ne mai kyau, ko motsi ba ya yi. A gaishe da gwamnati."

"To ni ba zan rufe ba."

Bai tambaye ni dalili ba, ya sani.

Ga wanda ya taso inda ruwa ke zuwa da sallama, bari in yi bayani. Mu nan famfo a buɗe ake barinsa, a tara masa bokitin ƙarfe. Dole na ƙarfe, ba na roba ba, don ƙarar ɗigon farko ita ce kaɗai sanarwar da za ka samu. Matata Rabi'atu, Allah ya jiƙanta, ta riƙe wannan al'ada kamar farilla. Safiyar da za mu tafi asibiti Malumfashi, tana tafiya da ƙyar, sai da ta tsaya ta gyara wa bokitin zama. Ta ce, "Malam, kada ka rufe. In ya zo ka kira ni, ina da wanki." Ba ta dawo ba. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce. Famfon yana yadda ta bar shi, ƙunshin wankin yana ɗakinta a bayan ƙofa.

Ranar Laraba ina gona ina shara, ina tara kara ina cinna wuta, sai ga Mudi a kan mashin kamar an biyo shi.

"Malam, hau! Ruwa!"

Na ɗaga kai. Sama fes, ko gajimare babu.

"A famfo nake nufi!"

"Mudi, rana ta taɓa ka. Zauna a inuwa."

"Wallahi akuyata tana can tana iyo. Hau mana!"

A hanya ya ba ni labari. Ashe Mai Girman da ke saman Mai Girma ne ya zo buɗe tankin gari. Tankin nan dai da aka taɓa buɗewa, an sake masa fenti. Ana bukatar famfo guda ya zubo a gaban masu ɗaukar hoto, sai aka saki ruwan gaba ɗaya. Motar lasifika ta gaya mana komai game da ruwa, ban da cewa zai zo.

Bututan da suka yi shekaru suna shan iska suka fashe a layi-layi. Mata na gudu da robobi, da tukwane, wata har da turmi. Gidana a kulle. Da na buɗe, bokiti ya cika ya tumbatsa, tsakar gida ta zama tafki. Kwatar da na yashe ta yi aikinta tsakani da Allah, ta kai ruwan bakin titi. Can ya tarar da tulin yashin da ɗan kwangila ya juye a cikin babbar magudana tun zaɓen da ya wuce, ya juyo gida. Ya nemi wuri mafi gangare ya kwanta, wato gindin ɗakin marigayiya. Ɗakin ƙasa ne. Kafin in gama tsallakawa, ayarin motoci ya bar gari, famfon ya yi tari ya yi shiru. Ko wahalar rufewa ba a ba ni ba.

Washegari lasifika ta dawo. Mai Girma ya nuna takaicinsa kan sakacin wasu magidanta da suka bar famfo a buɗe, suka jawo asarar dukiyar al'umma. Ya kafa kwamiti. Madalla. Ruwa bai zauna ba, amma kwamiti zai zauna.

Da la'asar Mudi ya shigo, ya tsaya gaban bangon ɗakin marigayiya. Bangon ya tsage tun daga tushe, hannu na shiga. Mudi ya daɗe yana murza hula.

"Malam, gabas ta fara haɗa hadari. Ruwan farko zai kwantar da bangon nan. Ka san da zafin nan iyalina a bayansa suke shimfiɗa."

"Na sani."

"Da da yadda za a tokare shi, da ni zan kawo itacen."

"Na sani, Mudi. Ku zo da diga bayan Juma'a."

Na kwashe kayanta da hannuna. Ƙunshin wankin na kwance shi, na wanke da ruwan bokitin nan, ja wur da tsatsa. Zannuwan sun fi dā datti, amma an wanke.

Don haka ga tawa shawarar ta bazara, ya ku magidanta. Ku binne bututu, ku yashe kwata, duk gaskiya ne. Amma ku leƙa inda kwatar take zubawa, ku kuma sa kunne. Duk ranar da kuka ji ana kafa rumfa ana gwada lasifika, kada ku je gona.

Bayan Juma'a aka rushe ɗakin. Famfon yana nan a buɗe, bokitin yana ƙarƙashinsa, kwamiti na iya zuwa ya gani. Abin da ban gaya wa Mudi ba shi ne, da na tura ƙofa ranar Laraba na ji ƙarar ruwa a tsakar gida, ban kalli bango ba. Ɗakin na juya, bakina ya riga ya buɗe. Kalmomin suna nan har yanzu inda suka tsaya.

Ke, fito da wankin. Ya zo.