Manhajar da Ta Ƙi Sabuwar Kwamfuta

Wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, Malam Lawwali, shi ke buga wa ma'aikata katin shaida da wata tsohuwar manhaja da ya sani kamar yunwar cikinsa. Rana ɗaya aka kwashe kwamfutocin ofis aka kawo sababbi masu tsarin zamani. Ya ɗora manhajarsa, ta hau lafiya lau, amma zancen buɗewa ta ce allambaran. Ya kashe ya kunna, ya cire ya mayar, har iska ya hura wa kwamfutar ta baya, shiru kake ji. Ga ciyaman ya rantse in Litinin ta yi babu katunan sababbin ma'aikata, zai cilla shi wani ƙauye da ko babur ba ya shiga da damina. Dole uwar na ƙi, ya kira taubashinsa Nafi'u, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa, duk da ya san bakinsa ba shi da linzami.

Nafi'u ya zo ya latsa nan ya latsa can, ya ce, “Lafiyarta ƙalau, tsufa ne kawai. Tana shigowa sai ta tambayi kwamfutar, ke 'yar wane zamani ce? Da ta ji amsa sai ta ga ba sa'arta ba ce, ta juya abinta.”

Malam Lawwali ya ce, “To, maganin fa?”

“Mai sauƙi. Akwai inda zan taɓa, duk sanda ta tambaya sai kwamfutar ta ce mata ai ita ce tsohuwar nan da suka saba. Shi ke nan, ta saki jiki ta kama aiki.”

Malam Lawwali ya juya maganar a ransa. Katunan dai yana so, amma ga abokan aiki sun kasa kunne, shi kuwa shi ke jan su sallar azahar. Sai ya gyara zaman hula ya ce, “Wato ƙarya za ka koya mata. Ni ofishin nan ba a ƙaryar shekaru, ko ta na'ura ce.”

Nafi'u bai ko ɗago kai ba, ya ci gaba da latse-latsensa, ya ce, “Haka ne, ranka ya daɗe. Shi ya sa a takardun gwamnati ƙaninka ya ba ka shekara bakwai.”