Kifi Ya Samu Mai Sauraro, Ni Ban Samu Ba

Jama'a, yau da safe na kai takardata ta bakwai ofishin masu gyaran magudanar ruwa. Kwalbatin ƙofar gidana ta toshe tun bara, ga damina ta ƙarato, bangon ɗakinmu kuma ya fara tsagewa. Na tura takardar cikin akwatin ƙorafi, ta ƙi shiga. Na ƙara dannawa, sai ga rina ta fito ta zabga mini harbi a yatsa.

Na ce wa maigadi, "Baba, akwatin nan ana buɗe shi kuwa?"

Ya ce, "Ai tsohon oga ya yi ritaya da makullin a aljihu. Shekara huɗu ke nan."

"To sabon fa?"

"Ya tafi taron ƙara wa juna sani kan sauraron talakawa."

Allah ya ja zamanin Mai Girma Sarkin Sauraro!

Na dawo ina hura yatsa, maƙwabcina mai gyaran rediyo ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Malam, da kifi ne kai, da tuni an ji ka." Wai masana sun zura makirufo a ƙarƙashin teku suna naɗar muryar manyan kifayen nan da suka fi tirela girma. Sai su miƙa wa ƙirƙirarriyar basira, wato kwamfuta mai koyo da kanta, ta yi ta tankaɗe da rairaya ko za ta gano abin da suke gaya wa juna.

Na ce, "Kifin ya cike fom?"

"Ko ɗaya."

"Ya san wani a sama?"

"Ƙara kawai yake yi, su suke bin sa."

Wallahi na yi wa kifin murna, amma na ji kishi. An ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. To ni ba kurciya ba, ba kifi ba, da Hausa tsantsa na rubuta nawa, har da hatimin mai unguwa.

Da na shiga gida na tarar da maiɗakina tana ɗora katifa a kan kabad. Na ce ta kwantar da hankalinta, ruwa na cika ɗakin sai mu nutse mu yi ta ƙara, masu makirufo za su zo da kansu. Ta ce in fara koyon iyo tukuna.

Amma a faɗi gaskiya, kada a ci haƙƙin ofishin nan. Rinar da ke cikin akwatinsu tana zuwa aiki kullum, kuma ita kaɗai ce ta taɓa ba ni amsa nan take.