Gwangwani Uku da Kawu Rafaƙat

Gwangwanin fim uku, babu komai a ciki. Filashi ɗaya mai ɗauke da fim ɗin, bai kai babban yatsa ba. Kwafi huɗu na labarin. Kwalin alawa. Maganin hawan jini. Da Kawu Rafaƙat.

Kayan da na ɗauko ke nan ranar Talata. Muna cikin riksha, a-daidaita-sahun Lahor, layin mai ya cinye rabin titi, wani bunsuru mai jan lalle a goshi yana leƙo mu daga motar da ke gefe. Saura kwana tara Babbar Sallah. A cikin kwana taran nan nake neman hatimi ɗaya tak daga Kwamitin Raya Fim, domin mai tsohuwar silimar unguwarmu ya ba ni kwana uku na Sallah in nuna fim ɗina. Bayan kwana ukun za a rushe ta a gina shagunan waya. Idan babu hatimi, ba a nuna fim. Wata Sallar kuwa babu silimar.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shekararsa saba'in da huɗu. Arba'in daga ciki ya yi su a finafinan Lahor yana tsaye bayan mugu yana murza gashin baki. Bai taɓa zama jarumi ba sai a nawa, inda ya fito tsoho mai kiwon tattabaru da za a sayar da benen da yake kiwon a kai. Har mai zanen allon tallar silimar ya gama zana fuskarsa, ta kai tsawon mutum biyu. Kawu yana zuwa ya gaishe ta kowace safiya.

Ni kuwa shekara shida na yi a Poland ina koyon fim. Na dawo da kwali, da tari, da aƙidar cewa talabijin ta marasa haƙuri ce. Shekara uku na kwashe a kan fim na minti ɗari. A ciki akwai wurin da Kawu ke watsa wa tattabaru gero na minti shida ba ya cewa uffan. An nuna shi a wani gari mai sanyi, mutum goma sha ɗaya suka kalla, suka tafa. Tufail, wanzamin layinmu, ya tambaye ni ko akwai suruka a ciki. Na ce babu. Ya tambaya ko akwai mari. Babu. Ya ci gaba da aski, ya ce a diramar da matarsa ke bi, kafin tattabaruna su gama kalaci an yi saki biyu an ɓatar da takardar gida.

Shi Tufail ɗin ne ya ara mini gwangwanayen. Matarsa na shanya barkono a cikinsu. Dokar da Kwamiti ke aiki da ita an rubuta ta tun ana naɗe fim a gwangwani ana auna shi da ƙafa. Yau duk garin nan babu mai ɗaukar fim a kan zare, amma fom yana da gurbin adadin gwangwani, gurbin gwamnati kuwa ba a barin sa fayau. Saboda haka kowa yana zuwa da gwangwani, ya jefa filashinsa a ciki. Akawu Gulzar ya ƙirga nawa, ya girgiza na tsakiya ya ji ƙara, ya yi atishawa, ya rubuta: gwangwani uku, ƙafa dubu tara. Alawar ba ta da gurbi a fom, sai ta wuce ƙarƙashin tebur.

Dole a yaba wa Kwamiti. Bara kaɗai ya yi taro huɗu a otal kan yadda za a farfaɗo da silima, ya kuma tura tawaga ƙasashen waje ta gano yadda mutane ke zama a cikinta. Ya sayi sabuwar na'urar majigi. Tana nan a baranda cikin akwatinta, an shimfiɗa mata leda ana shan shayi a kai, tana jiran babban mutumin da zai ƙaddamar da ita. Kafin ya samu sarari, a talabijin ake duba finafinai. Idan aka ɗauke wuta, janareta ba ya iya jan fanka, amma yana jan talabijin. Ban taɓa ganin ma'aikatar da ta san abin da ya fi muhimmanci irin wannan ba.

Gulzar ya ce Kwamiti zai zauna ƙarfe biyu. Ya kuwa zauna. Mai Girma Babban Sahib, shugaban Kwamiti, a tsakiya, ƙananan Sahibai biyu dama da hagu, masinja a bakin ƙofa, mai shara da tsintsiyarsa. Na ji daɗin ganin jama'a. Na miƙa filashi, sai Gulzar ya raɗa mini cewa ƙarfe biyu ake maimaita diramar jiya, Babban Sahib kuma jiya yana wurin ɗaurin aure. Kashi na sittin da huɗu.

Kawu ya ce mu jira a waje, iska ta fi. Kawu ba ya ƙaunar talabijin. Tun ina yaro yake kiran ta akwatin da ya kashe sana'a. Amma an riga an rufe ƙofa saboda sauti, muka zauna a benci na baya.

Zan faɗi gaskiya, ko da ba ta yi mini daɗi ba. Minti arba'in babu wanda ya taɓa waya a ɗakin nan. Wata mata ta tsaya a bayan labule tana jin abin da bai kamata ta ji ba, aka nuna fuskarta sau uku da ganga, mai shara ya ajiye tsintsiya. Ni da na karanta littafi a kan yadda ake haska fuska na kama kaina ina son sanin wa ya ɗauke takardar gidan. Sai aka koma wani ɗaki. Tsoho kwance, roba a hanci, farin gemu, jikoki na kuka a kansa. Wannan shi ne Dada Ji, kakan gidan, wanda ya faɗa doguwar suma tun kashi na hamsin da uku, kuma shi kaɗai ya san inda takardar take.

Na san hancin nan. Shekara uku ina haska shi.

Na juya. Kawu yana kallon fankar da ba ta juyawa.

«Kawu.»

«Yi mini shiru, Bature.»

«Litinin da Laraba da Asabar ɗin da kake cewa asibiti?»

«Asibiti ne mana. Ba ka ga gadon ba?»

Daga baya ya gaya mini sauran. Gemun na manne ne. Ɗakin yana da na'urar sanyi, ana ba da abincin rana da nama, babu haddar magana, babu mai dukansa. A shekara arba'in bai taɓa samun aiki mai mutunci irinsa ba.

Aka sa fim ɗina ƙarfe uku saura. Ƙaramin Sahib na dama ya tambaya ko za a iya tura wurin geron gaba. Aka tura. Na hagu ya tafi alwala bai dawo ba. Babban Sahib yana gyangyaɗi har aka cika allo da fuskar Kawu. Sai ya gyara zama, ya dubi talabijin, ya waiwayo benci, ya miƙe tsaye. Mutumin da bai amsa sallamata ba ya zagayo tebur ya riƙe hannun Kawu da hannu biyu, ya sa aka kawo shayi da samosa. Ya ce mahaifiyarsa ba ta tashi daga sallaya sai ta yi wa Dada Ji addu'a. Ya matso, ya tambaya a hankali ko zai farfaɗo, kuma ina takardar take. Kawu ya ce shi ma bai sani ba, marubucin da safe yake rubuta abin da za a ɗauka da rana.

Na ga hatimi a kan tebur, na ga fara'a, na fara lissafin kujerun silima.

Babban Sahib ya koma mazauninsa ya yi tunani, abin da ya ɗauke shi samosa biyu. Ya ce fim ɗin ba shi da aibu, domin babu abin da ya faru a cikinsa. Amma Kwamiti yana da alhakin kare zukatan jama'a. Ba zai yiwu iyalai su kwana suna kuka a kan Dada Ji, su wayi gari ranar Sallah su gan shi a silima yana hawa bene da ƙafarsa yana zuƙar taba ba. Tsofaffi za su ruɗe. Za a ce an yaudare su.

Na ce, ranka ya daɗe, ai wasa ne, kowa ya sani.

«Kai da ka yi karatu a waje ka sani,» in ji shi. «Mahaifiyata ba ta je Poland ba.»

Gulzar ya rubuta hukunci: an dakatar da hatimi muddin Dada Ji yana numfashi a talabijin. Na tambaya yaushe diramar za ta ƙare. Masinja ne ya amsa daga bakin ƙofa, ya ce sai ranar da kamfanin sabulu ya gaji da talla. Wadda ta gabace ta ta yi kashi ɗari da ashirin.

A hanyar dawowa na yanke shawara. Ba zan roƙi mai shekara saba'in da huɗu ya bar gado mai sanyi da nama saboda kwana uku a silimar da ɓeraye suka fi 'yan kallo yawa ba. Na gaya masa haka da muka sauka a ƙofar gidansa. Na ce za mu sa fim ɗin a waya, mutane su kalla a banɗaki kamar kowane fim.

Ya daɗe yana laluben makulli. Ya shiga, ya tsaya riƙe da ƙyaure, ya tambaye ni sau nawa ake ɗaukar diramar kafin Sallah. Na ce shi ya fi ni sani. Ya ƙirga da yatsu. Huɗu.

«Ya isa,» in ji Kawu. «Gobe Laraba zan sami marubucin nan tun bai karya kumallo ba. Ya kashe Dada Ji kafin Asabar, ko in tashi zaune ana tsakiyar ɗauka in nemi taba.»

Ya rufe ƙofa.