Yadda Za Ki Samo Manufar Rayuwarki Kafin Ranar Alhamis

Idan kika bi matakan nan ba tsallake, na ba ki tabbaci kafin Alhamis za ki gano ma'anar aikinki, ko da aikin naki manna sitika ne a jikin kwalba daga safe har la'asar. An gwada su a kan yayata, kuma tana nan da ranta.

Ga mafarin zancen. Manajan kamfanin sabulun da Yaya take aiki ya je bita ta kwana uku, ya dawo da allo, da usur, da sabuwar murya. Ya ce ranar Alhamis kowa zai tashi ya faɗi Manufarsa, wadda ta fi kowa manufa ita za ta zauna a kujerar gaban fanka. Fanka ɗaya ce a ɗakin aikin. Shekara shida Yaya ce a gabanta, ga ta yanzu da cikin wata bakwai, ƙafa ta ƙi shiga takalmi.

Mataki na 1: Ki daina zuwa aiki don abinci

Da aka tambayi Yaya a gida me yake kai ta aiki, cewa ta yi, "Don yara su ci." Wannan ba manufa ba ce, gaskiya ce kawai, kuma ba a rubuta gaskiya a allo. Manufa sai da "al'umma" a ciki, da "hangen nesa". In kin samu wurin cusa "ƙarni na gaba", kin gama.

Mataki na 2: Ki sauya wa aikinki suna

Ke ba mai manna sitika ba ce, jami'ar gabatar da kwalba ga duniya ce. Mai gadin kamfanin su Yaya tun da ya zama Daraktan Ƙofa ko gaisuwa da hannu ɗaya yake amsawa. Bencinsa dai har yau ƙafa uku ne da bulo.

Mataki na 3: Ki sa ido a kan mai son kujerarki

A ɗakin su Yaya akwai wadda ake kira Madam Biro, saboda biro uku take saƙalawa a aikin da babu rubutu a cikinsa. Murfi take rufewa. Tana gyaɗa kai tun kafin Manaja ya buɗe baki. Ranar Talata aka ji ta tana cewa, "Yallaɓai, ɗazu na kalli wani murfi sai da na yi ƙwalla." Ki koyi wannan. Bincike ya nuna ƙwalla ɗaya a gaban manaja ta fi zufar shekara. Ni na yi binciken.

Mataki na 4: Ki haddace

An rubuta wa Yaya layi huɗu masu nauyi. Tana yanka albasa tana maimaitawa: "Kowace kwalba gada ce tsakanina da al'umma." Mama, wadda idonta ya yi rauni amma kunnenta bai taɓa hutu ba, ta ɗaga murya daga ɗaki.

"Wai wa ya rasu ne?"

"Manufa nake koyo, Mama."

"To ki koya a hankali, miya tana kamawa."

Mataki na 5: Ki ɓoye duk abin da kike yi tsakani da Allah

Nan Yaya ta faɗi jarrabawa. Tana da wata ɗabi'a: duk sitikar da za ta manna a kwalbar bilic, ruwan nan mai cire tabon tufafi, sai ta naɗe mata kunne ɗaya. Madam Biro ta kai rahoto. Ranar Alhamis, in ji Daraktan Ƙofa da yake leƙe ta taga, Manaja ya busa usur ya ɗaga kwalba.

"Malama, kafin Manufa, mene ne wannan ɓarnar?"

Yaya ta dafa tebur ta miƙe. Ta nemi gada ta rasa, ta nemi al'umma ta rasa.

"Yallaɓai, kwalbar sabulu da ta bilic duk kamarsu ɗaya. Mamana ba ta gani sosai. Akwai ranar da ta wanke hannu da bilic, sati biyu ana ba ta abinci a baki. Shi ne nake naɗe kunnen, ko ido bai gani ba yatsa zai ji."

"Duk kwalaben kike yi wa?"

"Ai ban san wacce za ta je gidan da ke da irin mamana ba."

Manaja ya rufe ido, ya shafa kwalbar da babban yatsa, ya sake shafawa.

"To Manufar fa?"

"Na baro ta a gida, Yallaɓai."

Mataki na 6: Ki bar Manaja ya gano abin da kansa

Da sati ya zagayo, allo ya wayi gari da manyan baƙaƙe: Sabon Tsarin Kunnen Kwalba, Hangen Nesan Hukumar Gudanarwa. Kada ki yi gardama. Manaja ya sanar cewa Yaya za ta ci gaba da zama a gaban fanka, don a binciken da ya yi iska tana taimaka wa gam ya bushe. Madam Biro ta ƙaro biro na huɗu.

Da yamma aka tambayi Yaya, tana zaune ƙafa cikin baho, ko yanzu ta samu ma'anar rayuwa. Ta ce, "Miƙo min tawul."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta taɓa zuwa bita ba, a jikin kwalin sabulu ta ƙarasa koyon karatu. Idan kin bi matakan nan aka mayar da ke bakin tukunyar narka gam, ba ruwanta. Idan kuma garin neman manufar allo kika shafo ta gaske a ƙarƙashin yatsanki, kada ki zo mata da ƙorafi. Ba ita ta naɗe ta a wurin ba.