Wa'azina a Ƙofar Kazino

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe min komai, da wata Alhamis da na yi wa dattawan unguwarmu ta Utaibiyya wa'azi a tsakiyar sahara. A shekarun alif ɗari tara da sittin ne, ban daɗe da isowa Makka ba. Ina ɗinki a wani ɗan shago a unguwar Zahir, Larabcina bai wuce na sayen burodi ba, kuma ina neman auren Maryam, 'yar Alhaji Bukari mai yadi, dattijon da sai ya yini bai furta kalma goma ba. Na tura magabata, ya ce zai duba. Daga nan shiru.

Ran nan bayan la'asar sai ga Usman, wan Maryam (haifaffen Makka ne, rabin Hausarsa Larabci), ya leƙo shagona.

"Yalla, rufe shago. Abuya, wato Babanmu, ya ce a taho da kai. Yau jama'a za a fita kazino, hanyar Jidda."

Allura ta suɓuce min. Ni fa na san kazino. Muna jiran jirgi a Bur Sudan wani matuƙi ya ba mu labarin manyan otal-otal na ƙasashen waje, inda mutum kan shiga da gidansa da gonarsa, ya fito daga shi sai wando. Gidan caca ke nan. Na buɗe baki zan tambaya, sai na tuna kada a koma gida a ce mai neman Maryam baƙauye ne. Na haɗiye.

Motoci uku muka cika, tsofaffin motocin Amurka masu dogon hanci da fikafikai a baya. Ta Alhaji koriya ce, ƙofarta ɗaya da igiya ake ɗaure ta. Aka cusa ni a baya tsakanin dattawa biyu masu jiki, muka bar gari. Babu komai sai rairayi da baƙaƙen duwatsu, can nesa raƙuma na kallonmu. Kowa na hira, ni ina lissafi. In gwada ni ake yi, ina taka ƙofar nan na faɗi. In kuwa da gaske 'yan caca ne, na ƙi shiga, Maryam ta tafi. Gumi ya jiƙa min riga har mai zama a damata ya ɗan matsa.

Sai wani dattijo, Alhaji Sani, da ke gaba, ya dafa kafaɗar Alhaji Bukari ya ce, "Wancan makon ka cinye ni tas. Yau sai na rama."



Ana cikin haka lagireto ya tafasa, motar ta yi tari ta tsaya. Wallahi ban taɓa ƙaunar hayaƙi irin na ranar ba. Kowa na addu'a ta tashi, ni ina amin da baki, zuciyata na roƙon ta mutu murus. Da aka zuba mata ruwan salka aka ce a tura, yatsa biyu kawai na ɗora (har da nishi, don a ga ƙoƙarina). Ta tashi kamar sabuwa.

Gab da magariba muka iso wata doguwar katanga mai fitilu ja da kore. Dattawa suka fito suna gyara rawani. Alhaji Bukari ya waiwayo ya ce, "Tafaddal, ɗana, shiga."

Ban san lokacin da na sha gabansu na buɗe hannuwa ba.

"Baba, ku gafarce ni! Ban ratso Chadi da Sudan da ƙafata don in ƙare a gidan caca ba. Ku ji tsoron Allah! Da furfurarku, kuna maƙwabtan Ɗakin Allah? In Maryam ce, ku riƙe abarku!"

Muryata ta kai har mota ta uku.

Alhaji Bukari ya dube ni ya daɗe. Sannan ya sa sandarsa ya tura ƙofar.

Fili ne, an yayyafa masa ruwa. Ga kujerun igiya a jere, ga butocin shayi, ga yara na lilo, mai gasa nama na fifita garwashi. A gefe ga 'yan ɗakunan da matafiya ke kwana. A kujerar farko kuwa limamin masallacinmu ne zaune da kofin shayi, ya tsaya da shi a rabin hanyar baki, don ya ji komai. Kusa da ƙafarsa ga gurabun darar da Alhaji Sani ya zo ramuwa a kai.

"Ya shekh," in ji Usman, yana riƙe da ciki, "kazino gahawa ce! Wajen shan shayi!"

Na nemi ƙasa ta tsage, rairayin kuwa ko motsi.

Alhaji Bukari bai yi dariya ba. Da aka kira salla sai ya ce wa liman, "Yau a huta, malam. Mun zo da mai wa'azi." Haka aka tura ni gaba, na ja su da surori mafi gajarta da na sani, ina jin wani a sahun baya yana ta gyaran murya.

Kafin watan ya ƙare ya aiko a zo a sa rana. Ya ce wa magabatana yaron ba shi da wayo, amma ba zai sayar da gida ba. Sai dai har jikokina sun taso sun tarar ana kirana Shehun Kazino.

Abin da na koya shi ne, tsoron Allah abu ne mai kyau ƙwarai. Amma in ya taso maka a gaban surukinka, daure ka fara leƙa ƙofar tukuna.