Ramar da Na Shuka a Edmonton

Shekarar da council, wato ƙaramar hukuma, ta ba mu gida mai ɗan fili a unguwar Edmonton ta London, na tsinci wani iri cikin gwangwani, wanda tsohon ɗan haya ya bari. Na juya shi a tafin hannu na yanke hukunci: rama ce, ta miya. Ai ni jikan manomi ne.

Sanyi na ja baya na shuka. Kafin Yuni ta kai mini ƙugu, kore shar. Har hoto na ɗauka a tsakiyarta na aika wa mahaifiyata Kano.

Wata Juma'a na jawo Dakta, babban yayanmu a London, ya ga aikin hannuna. Ya murza ganye ya sansana, ya waiga katangar maƙwabta.

"Malam, wiwi ce. Tuge ta kafin police su zo. Amma fa ta yi kyau!"

Matata ta zube a ƙofar kicin tana dariya. Na tuge, ina zufa, amma yabon ya shige ni.

Har yau in na shiga masallacin Whitechapel sai wani ya raɗa mini, "Sarkin Noma, bana me aka shuka?"